Tokuji Ya Ce Babu

Tun da hantsi Fusae ta fito da kayan jarirai ta shanya a igiyar ƙofar gida. Ba datti suka yi ba, ko sawa ba a taɓa yi ba. So take duk wanda ya sauko daga mota ya fara cin karo da su, kuma surukinta Masaki take nufi.

'Yarta Asami ce ke ɗauke da cikin fari, cikin da aka jira har dangi suka gaji suka daina tambaya, ga yarinya ta haura arba'in. Kowa ya san 'ya mace gaban uwarta take komawa ta haihu, ta kwanta wata guda ana dafa mata ana yi wa jariri wanka. Haka Fusae ta yi, haka uwarta ta yi. Har ta share babban ɗakin ƙasa, ta sa an sabunta tabarmin tatami, ta ɗinka 'yar katifa. Kwatsam sai ga wayar Masaki daga Osaka, cikin ladabin nan nasa mai sa mutum ya rasa ta inda zai kama shi da faɗa, wai kafin matarsa ta zo yana roƙon a bar masana su duba gidan, a ga ko zai jure girgizar ƙasa. In ba zai jure ba, to a Osaka za a haihu.

"Gidan Tokuji fa!" Fusae ta ce wa ƙanin mijinta Sakuzo, wanda ke zaune a baranda yana ɓare lemu. "Gidan da yayanka ya fere kowane katako da hannunsa. Wai shi za a kawo wa likita."

"To ai ya tsufa, Yaya. Ke ma ba kya zuwa a auna ki?"

"Ni da kai wa ya fi kama da abin aunawa? Dubi bayanka kamar ƙugiya."

"Rufin gidanki ne ya lanƙwasa shi, ko sannu ba ki ce mini ba."

"Ka ci lemuna shekara arba'in, wace sannu kuma?"

Sakuzo ma kafinta ne, amma ko shi ya san bai kama ƙafar yayansa ba. Marigayi Tokuji, a duk ƙauyukan bakin tekun nan babu wanda bai san aikinsa ba. Mutum ne da in ka ji maganarsa biyar a yini, to ranar biki ce. Fusae kuwa akwai baki, ita ta riƙa yi musu magana su biyu duk tsawon zamansu, kuma har yau ba ta sauke ba.

Motar ta iso. Masaki ya fito da gilashinsa da kwalin tsaraba, ya yi karo da kayan shanya, ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashinsu kunnuwansa sun yi ja. Bayansa wata 'yar siririyar mata ce cikin kayan aiki, riƙe da tocila da tsani mai naɗewa. Ya ce sunanta Malama Hayase, mai zanen gine-gine ce, aikinta ke nan duba tsofaffin gidajen katako. Fusae ta kalle ta sama da ƙasa. Ta so ta ƙi ta, sai dai matar tana cire takalmi ta tsaya ta shafa ginshiƙin ƙofa da tafin hannu, ta ce, "Kai, wanda ya goge wannan ya san abin da yake yi." Daga nan aka fito mata da shayi mai kyau, ba na baƙi ba.

Suna shan shayi Malama Hayase ta yi bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ta ce gidan katako kamar tebur ne, in ƙafafu huɗu kawai gare shi aka tura shi ta gefe, sai ya kwanta. Abin da ke hana shi kwanciya katakon nan ne da ake kafawa a karkace cikin bango, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, wani lokaci biyu a gicciye. Ƙa'idar gini ta ce dole irin wannan bango ya wadata, kuma ya kasance a kowane gefe, ba a tara shi waje guda ba. An gina gidan nan bayan an tsananta dokar, don haka ba ta shakkar katakon. Abin da gidajen wancan lokacin suka fi rasawa shi ne ƙarfen da ake ɗaure bakin katakon da shi, wanda sai daga baya aka wajabta.

"In wannan ne kawai, aikin 'yan kwanaki ne," in ji ta.

"In wannan ne kawai, Mama, da kaina zan kawo Asami," in ji Masaki.

Fusae ta ajiye kofinta tana murmushi. Ga dama ta samu, labarin da ta fi so a duniya.

"Katako kam yana nan, Malama, da idona na gan shi. Bari in ba ki dariya. Ranar da aka ɗora kan rufin gidan nan, an hau sama ana watso wa jama'a curin mochi, tuwon shinkafar nan da ake kirɓawa, yara na ta wawa, ni kuma ina tsaye da cikin Asami ya yi nan." Ta nuna da hannu. "Kafin ita na yi ɓari biyu, kin gane, komai tsoro yake ba ni. Ina ɗaga kai sai na ga duk bangon ƙasa an gicciya katako. Ko'ina batsu! Alamar gicciyen nan da malamin makaranta ke zana wa yaro in ya faɗi jarrabawa. Nan batsu, can batsu, har bangon ɗakin da zan kwantar da jariri. Sai na fashe da kuka a gaban mutane."

"Har mochi ya faɗo mata a ka ba ta sani ba," in ji Sakuzo.

"Yi mini shiru. Maigidan ya sauko ya ce, ba batsu ba ne, tasuki ne. Haka kafintoci ke kiransa, wai kamar igiyar da muke ɗaure hannun rigarmu ta kimono da ita ta gicciye a baya. Na ce ka kira shi abin da ka ga dama, ni ba zan kawo ɗana gidan da aka soke tun kafin a shiga ba. Na ƙi cin abinci. Na tattara na tafi gidanmu haihuwa ban ko yi masa sallama ba. Da na dawo da Asami a hannu, an gama yaɓe, bango ya yi sumul. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, batsu fa? Ya ce, babu."

Ta kwaikwayi muryarsa, ƙasa-ƙasa, fuska a murtuke, Sakuzo ya tuntsire da dariya.

"Babu! Kalma ɗaya. Ni kuma sakarya na yarda na shiga. Sai da na yi hankali na gane yaɓe kawai ya shafe a kai ya rufe mini ido. Tokuji ya cire tasuki? Ai gara ya cire haƙarƙarinsa. Ita ce ƙaryar da ya taɓa yi mini tun da muke, ita kaɗai, kuma na gode masa da ya yi ta."

Har Masaki sai da ya yi dariya. Labarin nan babu bikin da ba a ba da shi ba a gidan, Asami ma ta haddace shi tun tana ƙarama.

Malama Hayase ta nemi izini, ta buɗe kabad ɗin shimfiɗu na babban ɗaki, ta kafa tsaninta, ta ɗaga allon silin ta zura kai da tocila. Daga nan ana hango kan bango ta ciki. Suka ji ta tana jan jiki a sama, ƙura na ɗan zubowa. Fusae ta ci gaba da zuba, tana nuna wa Masaki inda ta shimfiɗa katifar Asami da 'yar ta jariri a gefe, jikin bangon da ke kusa da ma'ajiyar kakanni, inda ake ƙona wa mamatan gida turare, don mai jego ba ta hawa bene.

Sai motsin ya tsaya.

"Mama," muryar Malama Hayase ta fito daga silin, kuma ba muryar ɗazu ba ce. "An taɓa yi wa gidan nan gyara?"

"Ko ƙusa ba a ƙara ba."

"Masu saka waya fa, ko masu na'urar sanyaya ɗaki? Ba su fasa bango ba?"

"Maigidan na tsaye a kansu wa zai fasa?"

Malama Hayase ta sauko a hankali, gizo-gizo a gashinta. Ba ta kalli Fusae ba. Ta miƙa wa Sakuzo tocilar ta ce, "Baba, ko za ka leƙa? Wataƙila idona ne."

"An ga ɓera ke nan," in ji Sakuzo. "Yaya, in na faɗo ke za ki yi jinya." Ya hau yana nishi yana dariya, rabin jikinsa ya shige silin. Ƙafafunsa kawai ake gani a kan tsani. Fusae na kallo ƙafafun nan suka daina motsi. Da ya sauko, fuskarsa ta yi fari fat kamar an shafa mata garin shinkafa.

"Mene ne? Kai, Sakuzo, da kai nake! Maciji ka gani?"

"Yaya, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Me kuka gani a gidana?"

Suka dubi juna. Ran Fusae ya ɓaci, ta ji kamar sun haɗa baki ne su ukun.

"To ku fasa," in ji ta. "Ku fasa bangon nan yanzu in gani. Me ake ɓoye mini?"

Sakuzo ya janye 'yar katifar jariri gefe da ƙafarsa, sannan ya tuna ya sunkuya ya ɗauke ta da hannu biyu. Ya ɗauko kayan aikin yayansa daga rumfa. Ya tsaga yaɓen daga sama har ƙasa tsakanin ginshiƙi biyu, ya ɓamɓare shi, ƙura ta turnuƙe sabuwar tabarma. Fusae ta matso tana kore ƙurar da hannu, ta shirya tsaf ta ce ga shi nan.

Babu komai.

'Yan siraran sanduna ne kawai a kwance masu riƙe yaɓe. A kusurwa huɗu kuwa, sama biyu ƙasa biyu, ga guntayen katako a karkace, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba, suna nuna juna ta tsakiyar da babu komai. An yanke su. Yanka mai kyau, sumul, ko tsage ɗaya babu.

"A'a," in ji Fusae. "A'a. Ba nan ba ne. Wani bangon ne."

"Na haska duk inda tocila ta kai, Mama," in ji Malama Hayase a hankali. "Haka suke."

"Gara ce ta ci."

"Gara ba ta riƙe zarto, Yaya."

"To wani ne ya shigo. Yaran aikinsa ne, akwai wani mai jan ido da ban taɓa yarda da shi ba. Ko kai ne, Sakuzo? Kai ne ka yi wa yayanka wannan?"

"Lokacin ina aikin haikali a Nara, kin manta? Sai da aka gama yaɓe na dawo." Sakuzo ya sa guduma ya zare guntu ɗaya, ya juya shi a hannunsa, ya kai shi bakin taga. "Dubi layin tawadar nan. Ko katakon da za a jefar, sai ya ja masa layi kafin ya yanka. Dubi ta inda zarton ya shiga. Bahago ne ya yi wannan. Kafinta bahago nawa kika sani a garin nan?"

Fusae ta ja da baya. Ta zube a kan tabarma, a cikin ƙurar, da tufafinta na karɓar baƙi. Wayyo, ashe mutum na iya jin sanyi a tsakiyar rana haka! Ta ji kunnuwanta sun toshe, tana ganin bakin Masaki na motsi ba ta jin me yake cewa. Kalma ɗaya ce kawai ke yawo a kanta, cikin muryar nan ƙasa-ƙasa da ta gama kwaikwaya yanzun nan suna dariya.

Malama Hayase ta hau bene ta duba, ba ta jima ba ta dawo. Ta durƙusa kusa da Fusae.

"Na sama duk suna nan, Mama. Ko ɗaya ba a taɓa ba, kuma ban taɓa ganin aiki mai kyau irinsa ba."

"Ban hau sama ba ranar," Fusae ta ce, kamar mai magana cikin barci. "Cikina ya yi nauyi. Na ƙasa kawai na gani."

"Sai dai wannan shi ya fi ba ni tsoro. Sama ya zama akwati mai ƙarfi, ga nauyin rufi a kansa, ƙasa kuma babu abin da ya tokare shi. In babbar girgiza ta zo, saman ba zai fashe ba. Saukowa zai yi gaba ɗayansa ya zauna a kan ƙasan. Wanda ke sama yana iya fita da ƙafarsa. Wanda ke ɗakin nan kuwa..." Ta dubi katifar Asami, ba ta ƙarasa ba.

"Tabɗi," in ji Sakuzo. Ya zauna a bakin kabad ya riƙe kai. "Shi ya sa. Yaya, shi ya sa!"

Ba sai ya faɗa ba. Fusae ta riga shi isa can.

Har ya mutu Tokuji bai bar kowa ya kwana a ɗakunan ƙasa ba. Ga babban ɗaki mai iska, ga baranda, amma dole kowa ya kwashi jiki ya hau bene. Ko baƙi aka yi, sai ya ba su ɗakinsu na sama. In Asami ta yi barci a gaban talabijin, ko ta yi nauyi, sai ya saɓa ta a kafaɗa ya haura da ita. Da gwiwoyinsa suka lalace, da rarrafe yake hawa matakalar nan, hannu da ƙafa, Fusae na bayansa tana zazzaga masa masifa, wai taurin kai zai kashe shi, wai wane irin mutum ne zai gina ɗaki ya hana a kwana a ciki. Bai taɓa tanka mata ba. A gefen shimfiɗarsa kullum akwai takalma ƙafa uku da igiya da ƙarfen ɓalle katako, ita kuwa ta mai da abin wasa, tana ce masa ɓarawon da bai taɓa fita sata ba. Ana gama zaman makokinsa ta sauko da shimfiɗarta ƙasa, har tana ce wa maƙwabta yau ta huta da hawan dutse.

Kuma ai ya nema. Wannan ne ya fi ƙona mata rai, ya nema! Shekarar da girgiza ta rushe birnin Kobe, suna kallon gidaje a talabijin, benaye zaune a kan titi kamar an ajiye su, ya ajiye sandunan cin abincinsa ya ce za a buɗe bangon ƙasa. Ta ce a kan me? Ba a yi shekara da rasuwar uwarsa ba zai ɗaga ma'ajiyar kakanni ya cika gida da ƙura? Ya bari. Bayan wasu shekaru ya sake tayar da maganar, ta ce ya je ya fasa gidajen mutane ya bar nata ya huta. Sannan wata rana da rani, tana yanka kankana a baranda, ya zo ya tsaya a kanta yana murza hularsa.

"Fusae, batun katakon nan na bango."

Ita kuwa ta kwashe da dariya, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Na sani, na sani. Ka ɗauka ban gane ba? Na daɗe da yafe maka, je ka wanke hannu." Ya tsaya yana kallonta, ya daɗe, sannan ya je ya wanke hannun. Ta ɗauka kunyar ƙaryarsa yake ji.

"Me ya hana shi faɗa mini?" Sakuzo ke tambaya, ba kowa yake tambaya ba. "Ni ƙaninsa ne. Da mun gyara shi mu biyu cikin sati. Babban kafinta kamar yayana ya yanke tasuki? Da wani ne ya faɗa mini, da na mare shi."

"Da ya faɗa maka, da ka tambaye shi dalili," in ji Fusae. "Da sai ya ce ni ce."

Masaki tun ɗazu yana tsaye riƙe da 'yar katifar da Sakuzo ya miƙa masa, ya rasa inda zai ajiye ta. Fusae ta jira ya ce ai na faɗa. Da ya faɗa ma da ta ji sauƙi, da ta sami wanda za ta yi wa ihu. Amma yaron nan gilashinsa ya cire yana goge ido da bayan hannu.

"Mama, ke ma a nan kike kwana," ya ce. "Duk shekarun nan."

"Malama," in ji Fusae, "a mayar da su. A sa ƙarfen, a sa duk abin da dokarku ta ce. Ko batsu ɗari ne a sa. Kwana nawa?"

Malama Hayase ba ta yi mata ƙarya ba. Ta ce ba bango ɗaya ba ne, duk na ƙasa ne, sai an kwashe kaya, an buɗe, an duba tushe, an yi lissafi an zana kafin a taɓa komai. Ga masu aikin sun yi ƙaranci, kowa a yankin nan gyara yake nema. Ko an fara gobe, jariri zai riga su.

"To Asami ta kwana a sama, kamar da," in ji Fusae.

"Ina murhu yake, Yaya?" in ji Sakuzo. "Ina wurin wanka? Ina bayi? Mai jego da jariri ai a ƙasa za su yini."

"Shekara arba'in yana tsaye bai faɗi ba!"

"Ba a tura shi ba ne tukuna, Mama," in ji Malama Hayase.

Ta tashi ta ciro alli daga aljihunta, don ta yi wa masu aiki alamar bangon da za a buɗe. Ta je bangon farko ta ja layi biyu a gicciye, ta wuce na biyu. Sai a na uku ta tuna, hannunta ya tsaya cak, ta juyo a firgice.

"Yi haƙuri, Mama. Sabo ne. Bari in goge."

"Bar shi," in ji Fusae. "Ƙarasa."

Ta zauna tana kallo ana zagaye ɗakin da alli, bango bayan bango, har wanda ke bayan katifar Asami.

Masaki ya durƙusa a gabanta, ya ajiye 'yar katifar a tsakaninsu. Ya ce shi fa ba zai iya faɗa wa Asami ba. Tun da ya kawo maganar dubawar nan take fushi da shi, ta ce raina aikin babanta yake yi, ta ce ko ya yarda ko bai yarda ba a ɗakin nan za ta kwanta, har ta haɗa jakarta. In shi ya faɗa, cewa za ta yi ya haɗa baki da Malama ne. Magana ɗaya za ta ji, ta uwarta.

"In kin ce ta zo, Mama, zuwa za ta yi. Ba ni da yadda zan hana ta."

Fusae ta dube shi. Ta gane abin da ya ajiye mata a hannu. Tana iya cewa ɗan gyara ne, a lallaɓa, wata ɗaya ne kawai, ƙasa ta yi shiru shekara arba'in sai a watan nan za ta motsa? Ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro, da daɗinta da komai. Ta leƙa ta ƙofa ta hango 'yan rigunan da ta shanya suna kaɗawa a igiya, ta ji kamar ta yi kururuwa.

"Ba ni wayar," ta ce.

Ya danna ya miƙa mata. Bugu biyu aka ɗauka.

"Masaki? Yaya, an gama?"

"Ni ce."

"Mama! To, ya aka yi? Gidan Baba ya ci jarrabawa ko? Na faɗa masa zai ji kunya. Mama, kin samo mini umeboshi, ɗan itacen nan mai tsami da ake jiƙawa da gishiri? Shi kaɗai bakina ke so."

"Asami, saurara. Kada ki zo."

"Me?"

"Ki kwance jakarki. A Osaka za ki haihu. Ni zan zo in same ki."

Sai Asami ta fashe da dariya, dariyar nan tata mai kama da ta uwarta. "Haba Mama, har kin tsorata ni. Wai me suka gani? Sun ga batsu ɗinki ne? Kin ba su labarin ko? Na san ba za ki iya haƙura ba." Ta sauke murya ƙasa-ƙasa, yadda ake yi a gidan in an zo wurin. "Batsu fa? Babu!"

Fusae ta riƙe wayar da hannu biyu. A gabanta ga ramin bangon a buɗe, da guntayen katako uku da suka rage a kusurwa, na huɗun yana hannun Sakuzo.

"Mama? Kina ji na?"

"Ina ji."

"To me ya faru?"

"Babanki bai taɓa yi mini ƙarya ba, Asami," in ji Fusae. "Ko sau ɗaya."